Shafa wa mota siramik da kanka: ina ake samun sauƙi, ina ake tafka asara

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a TikTok ko Facebook ya san abin nan, a sheƙa wa bonet ruwa sai ka ga ruwan ya dunƙule ya gangare ya bar wajen a bushe, wani ma har ya ɗauko laita yana bubbuga jikin mota ko ya yayyafa fetur ya ƙyasta wuta wai don a ga fentin bai ji komai ba. Siramik kotin kenan, wani ruwa da ake shafawa a kan fentin mota ya daskare ya zame masa kariya. Masu yin sa a Abuja da Legas kuɗi suke caja ba na wasa ba, a Amurka ma ƙwararre yakan karɓi daga dala 500 har zuwa 2000 gwargwadon girman mota da yadda fentinta ya ji jiki. To sai mutum ya leƙa intanet ya ga ashe kwalbar ƴar mitsitsiya ce, mil 30 ko 50, mai kyau ta kamfani sananne irin su CarPro ko Gtechniq ko Gyeon tana kaiwa dala 50 zuwa 100, kuma kwalba ɗaya ta isa mota guda, sai ya ce ni kuwa me zai hana in saya in shafa abina ran Asabar in riƙe canjina?

Za ka iya, ba tsafi ba ne. Amma kafin ka tura kuɗi ka san cewa shafawar ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Kuɗin da ƙwararre ke karɓa yawancinsa ba na kwalbar ba ne, na wahalar da ake sha kafin a buɗe kwalbar ne, da na rufaffen ɗakin da ƙura ba ta shiga. Wanda bai gane wannan ba shi ne yake ƙarewa da mota mai tabo-tabo yana zagin masu sayarwa.

Mu fara da shi fentin kansa. Motar zamani in ta fito daga kamfani fentinta hawa-hawa ne, akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai mai launi, sannan a sama akwai wanda masu fenti ke ce wa kiliya, shi ba shi da launi, shi ne ke ba da sheƙi kuma shi ke shan rana a madadin launin. Duka hawan nan in ka haɗa su ba su fi maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kiliyar kaɗai wajen 35 zuwa 50, alhali silin gashin kai ɗaya ma yakan kai maikiron 70. Shi kuwa siramik ɗin da ake ta zuzutawa, in ya bushe kaurinsa maikiron 1 ne zuwa 2, wani lokacin ma bai kai ba. Riƙe wannan lissafin, don shi zai faɗa maka abin da zai iya da wanda ba zai iya ba.

Abin da ke cikin kwalbar ruwa ne mai ɗauke da sinadaran silikon da aka narkar a wani ruwa mai saurin tashi. Kana shafawa ruwan nan zai fara bin iska, ragowar kuma ya ja danshin da ke cikin iska ya daskare ya zama wani siririn ɓawo mai tauri dangin gilashi, ya manne da kiliyar gam. Shi yasa wasu in ka buɗe za ka ji wari-warin amoniya. Bambancinsa da waks ɗin da muka saba kenan, waks zama kawai yake a saman fenti, zafin ranarmu da wanki suna cinye shi cikin makonni, shi kuwa wannan in ya kama ya kama, sabulu ba ya fitar da shi sai an sa injin folish an kankare. Nan amfaninsa yake, nan kuma haɗarinsa yake, don duk abin da ya tarar a jikin fentin, ƙarce ne ko tabon ruwa ko dattin da ya maƙale, rufe shi zai yi a ƙarƙashinsa ya ƙara haska shi. Shafa wa jikin da bai yi wanka ba mai kenan.

Sai maganar 9H da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Mutane da yawa sun ɗauka ma'aunin taurin duwatsu ne, wanda Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda lu'u-lu'u yake 10, kaga 9 kenan saura ƙiris ya kamo lu'u-lu'u. Ba haka ba ne. Ma'aunin fensir ne, eh fensirin rubutu, masu gwajin fenti suna da jerin fensira daga mai laushi har zuwa mafi tauri wato 9H, sai a goga a ga wanne ne zai yi ƙarce. Kuma fensir komai taurinsa bai kama ƙafar yashi ba, yashi a ma'aunin Mohs 7 ne. To ƙurar hunturun da ke sauko mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, cike take da silika, in ta kwanta a bonet yaro ya zo da safe da busasshen tsumma ya goge, samfefa ya sa wa motar, da siramik ko babu. Zai ɗan rage ƙananan ƙarcen wanki, amma tsakuwar da tirela ke watsowa a hanyar Kano zuwa Zariya, ko gogar ɗan adaidaita a cunkoso, ko yaron da ya ja mukulli, babu abin da maikiron 2 zai tare. Mai son maganin tsakuwa sai dai ledar nan mai kauri da ake liƙawa, PPF, ita tana kai maikiron 150 zuwa 200, kuɗinta kuma wani labari ne daban.

To me ake saye kenan? Sauƙin wanki, gaskiya shi ne babba. Datti ba ya kamawa sosai, laka tana fita da ruwa kawai, kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron darbejiya in sun zubo suna ɗaukar lokaci kafin su ci kiliya, ka samu damar wankewa. Yana kuma rage saurin koɗewar fenti, ga sheƙi mai zurfi musamman a baƙar mota ko ja. Irin na kwalba da ake sayar wa kowa in an yi shi daidai yakan kai shekara 2 ko sama da haka, masu cewa shekara 5 ko 9 kuwa yawanci wanda sai shagon da kamfani ya amince da shi ake ba wa ne, kuma da sharaɗin ka riƙa kai motar ana dubawa.

Yanzu tambayar da ya kamata kowa ya fara yi wa kansa, ita motar tawa ta cancanta? Don mu nan yawancinmu ƴar Kwatano muke hawa ko wadda ta zaga hannu uku, kuma da wuya ka samu wadda ba a taɓa fesa wa wani ɓangare fenti ba. Fita da ita rana ka duba rufinta da bonet da saman but. In ka ga farin dabbare-dabbare yana ɓarewa, irin wanda ake yawan gani a kan tsofaffin Corolla da Accord, kiliyar ce ta mutu, babu siramik ɗin da zai tashe ta, wajen mai fenti za ka. In kuma kana zargin an fesa mata fenti mai hawa ɗaya wanda ba kiliya, ɗauki farin ƙyalle ka ɗiga folish ka goga a wani lungu, in launin motar ya fito a ƙyallen to babu kiliya, irin wannan fentin yana shanye ruwan ba daidai ba sai ya yi ɗauri-ɗauri. Wanda kuma bai daɗe da fito da mota daga wajen fenti ba ya haƙura wata 1 zuwa 3 tukuna, sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina a hankali, in ka rufe shi da wuri ka jawo wa kanka.

In ta tsallake wannan sai a shiga aikin gaske. Wanki na farko da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye soso, daga sama zuwa ƙasa, taya da ƙasan ƙofa a ƙarshe da wani soson daban. Bayan an wanke ka sa hannunka cikin ƴar ledar nan ta siyayya ka shafa bonet a hankali, za ka ji gurzi-gurzi kamar an barbaɗa gishiri duk da idonka na ganin ta fes. Wannan ƙurar birki ce da ɓurɓushin ƙarfe da kwalta da suka nutse cikin kiliya. Akwai ruwan da ake fesawa mai narkar da ƙarfen, in ya fara aiki sai ka ga yana zubowa shuɗi-ja, wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai amma yana aiki, akwai na cire kwalta, sannan a bi da wani abu mai danƙo da ake kira kile ana ja a kan fentin da ruwan sabulu har sai hannu ya ji santsi. In kilen ya faɗi ƙasa jefar da shi kawai, ya riga ya kwashi yashi.

Sai folish, inda ake rabuwa tsakanin mai iyawa da mai sha'awa. Haska tocila a jikin ƙofa da daddare, zaren gizo-gizon nan da za ka gani zagaye da hasken duk ƙarcen tsumman wanki ne na shekaru, kuma ba a cike su, kankare kiliyar ake yi kaɗan har ta daidaita da zurfin ƙarcen. Ka tuna kiliyar maikiron 40 ce ko kusa, kuma ba ka san sau nawa masu motar na baya suka sa aka yi mata bafin ba, wato gogar fenti da inji. Injin da masu fenti ke amfani da shi mai juyawa waje ɗaya da gashin tumaki a baki yana da ci sosai, a hannun wanda bai saba ba daƙiƙa kaɗan ya isa ya ƙone gefen bonet ko kan layin ƙofa inda fenti ya fi siranta, garin neman gira a rasa ido. Sabon shiga ya nemi injin da ke juyawa yana kuma karkarwa, wanda ake ce wa DA, shi da wuya ya ƙona fenti, ya fara da folish mai laushi da soso mai laushi a ɗan ƙaramin waje ya gani, kuma ya cire ran cewa sai kowane ƙarce ya ɓace. Wanda farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce kiliya, ƙyale shi. Mota ƙarama ma wannan matakin zai iya cinye maka yini guda cur, ga bayanka zai gaya maka, ga maganar wuta, in babu nefa janareta zai yi ta shan mai.

Wasu na cewa bari in kai wa mai fenti ya yi min bafin ɗin in ya so ni in shafa. Dabara ce, amma ka san yawancin folish ɗin da ake sa wa mota don ta yi ƙyalli a idon mai saye yana da mai da waks da ke ɓoye ƙarce na ɗan lokaci, siramik kuma ba ya kama mai. Dole bayan folish a goge motar kaf da ruwan cire maiƙo, ko na kamfani ko sinadarin IPA, wani nau'in sifirit, da aka surka da ruwa mai yawa, kuma a nan ne za ka ga gaskiyar aikin da aka yi maka, ƙarcen da aka ɓoye duk zai dawo.

Yanayin garinmu shi ne abin da bidiyon Turawa ba za su gaya maka ba. Yawancin kwalaben nan an tsara su ne a shafa a zafin da bai wuce digiri 10 zuwa 25 ko 30 ba, mu kuwa a Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri 40 ake gani a inuwa, baƙar mota in ta tsaya a rana jikinta yana haura 70. A kan irin wannan ƙarfen ruwan zai bushe kafin ka ajiye soson. Da hunturu akwai sanyi mai daɗin aiki amma ga ƙura tana sauka ba ƙaƙƙautawa, iska kuma ta bushe ƙarau, tunda siramik ɗin danshi yake buƙata ya daskare sai ya yi ta jan lokaci. Da damina danshi ya yi yawa sai ya riƙa kamawa da sauri fiye da yadda aka rubuta, ga hadari zai iya tasowa kowane lokaci. Ni a ganina in mutum zai zaɓa, ƙarshen damina wajen Oktoba kafin hazo ya sauko ya fi, da sassafe bayan asuba, a rufaffen gareji, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, a kashe fanka. Wanda ba shi da inda zai rufe mota na kwana ɗaya zuwa biyu, gindin bishiya ko rumfar kwano a buɗe kawai gare shi, wallahi ya haƙura da na kwalba.

Shafawar kanta ga yadda take. Ka sa safar hannu da takunkumi, ka naɗa ɗan ƙyallen da ke zuwa cikin kwalin a kan soson, ka ɗiga layi ɗaya, ka ɗauki waje kamar rabin mita ta kowane gefe, ka ja a tsaye sannan ka ja a kwance don kar ka tsallake ko'ina. Sai ka tsaya ka zuba ido. Cikin minti 1 zuwa 5, ya danganta da kamfani da zafin gari, za ka ga wajen ya fara yin kalar bakan gizo ko ya fara tsattsafo da ƙananan ɗigo kamar gumi, to lokacin gogewa ya yi. Tawul na farko ya kwashe rarar, na biyu ya bi ya share, ka ɗan wuce iyakar inda ka shafa don rarar tana turuwa gefe. In ka yi sauri ka kwashe shi tun bai kama ba, in ka yi jinkiri tawul ya fara ja yana maƙalewa. Kowane waje ka gama ka haska tocila ta gefe-gefe, kana neman wani duhu-duhu kamar inuwar maiƙo, wannan rarar ce da ba ta gogu ba. In ka gan shi a cikin mintunan farko ɗiga sabo a kai ka goge zai fita. In sai washegari ka gani a rana, ya zama gilashi, sai an koma wa injin folish a kankare wajen a sake. Gefen madubi, ƙasan hannun ƙofa da bakin bamba nan ya fi ɓuya. Kar ka yi wannan aikin kana amsa waya, kuma kar a bar yara su shigo suna taɓawa.

Ƙyallen shafawar ka riƙa canzawa, tawul ɗin da ka yi gogewa da su kuma kar su sake taɓa fenti, in sun kwana za ka ji sun yi ƙarau, abin ya daskare a cikinsu, sai dai goge taya ko injin. Bayan an gama awa 24 ba ruwa, har raɓa, sannan mako guda ba wanki da sabulu.

To mu dawo kan kuɗi tunda don shi aka fara. Kwalba, sabulun mota, ruwan cire ƙarfe, kile, folish, sosunan inji, tawul masu laushi aƙalla 8 ko 10, ruwan cire maiƙo, tocila mai kyau, uwa uba injin DA wanda shi kaɗai zai iya fin kwalbar tsada, kuma kusan duka da dala ake shigo da su. In mota ɗaya tak za ka yi wa, ka haɗa da kwana biyun da za ka ɓata, ratar da ke tsakaninka da kuɗin shago ba ta kai yadda ka zata ba. Inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu shi ne in gidanku akwai motoci biyu uku, ko ku haɗu da abokai ku sayi inji ɗaya kowa ya sayi kwalbarsa, ko motar sabuwa ce fentinta bai sha wahala ba folish kaɗan take so. Kwalbar kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa, iska na shiga ta fara daskarewa, kar ka ce za ka rage rabi sai baɗi.

Akwai kuma na bogi, sun cika intanet, kwali mai ƙyalli an rubuta 9H ko 10H har da 12H alhali jerin fensiran da ake gwajin da su ma bai wuce 9H ba, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Araha ba ta ado. Yawanci man silikon ne kawai, ruwa zai yi ta zamewa sati biyu uku shikenan. Gwaji mai sauƙi, ɗiga kaɗan a murfin kwalba ka ajiye kwana biyu, na gaske zai daskare ya yi tauri har ya fashe in ka danna, na bogi zai zauna a maiƙonsa.

Mafi yawan masu tambayar nan, in za su ji tawa, irin na fesawa ya dace da su, kamar waɗanda Turtle Wax da Meguiar's ke yi. Ka wanke mota da kyau, ka fesa a tawul ka shafa ka goge, minti talatin zuwa awa ɗaya ka gama, in ka yi kuskure ba ya zama bala'i. Ba ya kai na kwalba daɗewa, watanni ne, amma ruwa zai zame, wanki zai yi sauƙi, in ya daina aiki ka maimaita, kuma da shi za ka gane ko kai mai iya kula da mota ne kafin ka zuba manyan kuɗi.

Don kulawar ita ce ke kashe yawancin siramik a garuruwanmu. Ka kashe kuɗi ka sha wahala, sati biyu ka kai ta wajen wankin bakin titi, a zuba omo a bokiti ɗaya, tsumman da aka wanke tayar wata motar shi za a ɗora a bonet ɗinka, a bar ta a rana ta bushe. Garin sabulun wanki yana da kaifi, yana dakushe zamewar ruwan da wuri. Ruwan burtsatse kuma a wurare da yawa yana da gishiri-gishiri, tunda yanzu ruwa dunƙulewa yake a jikin motar, kowane ɗigo in rana ta busar da shi sai ya bar farin zobe, har ya fi na motar da ba a yi wa komai ba fitowa. Dole a wanke a inuwa da sabulun mota, a tsane da tawul mai laushi nan take, in kuma wani ke maka wankin ka saya masa kayan ka tsaya a kansa har ya saba. Ƙurar safe a watsa mata ruwa, kar a goge a bushe.

In bayan wasu watanni ka ga ruwa ya daina dunƙulewa musamman a ƙasan ƙofofi da baya, kar ka yi saurin cewa ya mutu, sau da yawa datti da gishirin ruwa ne suka rufe shi. Wanke da kyau, ka fesa ruwan cire ƙarfen nan, tabon ruwa kuma ka bi shi da farin binega da aka surka rabi da rabi da ruwa ka ɗauraye da wuri. In ya dawo yana zamewa to yana nan, in bai dawo ba lokacin sabon folish da sabuwar kwalba ya yi.